Tarko a Bakin Teku: Shin Ya Halatta a Kashe Wata Halitta Don a Ceci Wata?

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya tsirar da kowane abu a cikinta bisa awo. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, da wuya a samu gida ɗaya a garuruwanmu wanda ba a taɓa kashe ɓera a cikinsa ba, haka nan babu manomin da bai taɓa sa hauya ya tumɓuke hakin da Allah ya tsirar ba. Muna yin waɗannan abubuwa tun muna yara, har sun zame mana jiki, ba mu tsayawa mu tambayi kanmu da wane izini muke ɗaukar ran da ba mu muka busa shi ba. Sau da yawa abin da yake gaban idon mutum shi ne ba ya gani sosai. Saboda haka a wannan fitowa za mu ɗauko misali daga wata ƙasa mai nisa, inda mas'alar ta bayyana a fili, mu auna shi da ma'aunin shari'a, sa'an nan mu dawo gida da abin da muka samo.

Ƙasar tsuntsaye

Niyu Zilan tsibirai ne a cikin tekun Fasifik, wajen kilomita 2,000 kudu maso gabas da Ostireliya. Kafin ɗan Adam ya taka ƙasar, babu wata dabba mai shayarwa da ke zaune a doronta sai jemage. Babu kura, babu kyanwa, babu ɓera. Don haka tsuntsayen wurin suka rayu cikin aminci, da yawansu a ƙasa suke yin sheƙa, wasu ma ba su tashi sama ko kaɗan, kamar kiwi mai kiwon dare, da takahe mai jan baki da shuɗin gashi. Ba su san gudun abin da ke bin sawu da sansane ba, domin kuwa ba su taɓa haɗuwa da shi ba.

Mutanen farko da suka sauka can, wato kakannin ƙabilar Mawori, sun iso wajen shekara 700 da ƴan kai da suka wuce, tare da karnuka da wani ƙaramin ɓera. Daga baya Turawa suka zo, manyan ɓeraye suka biyo jiragensu, su kuma suka kawo kyanwa da alade da akuya da bushiya. Suka ɗauko wata dabbar dare mai suna fosam daga Ostireliya don cinikin fatarta, tun daga 1837, ta kuwa kama ƙasa daga 1858. Suka kawo zomo don nama da farauta, zomo ya yaɗu ya cinye makiyayar tumaki. Da abin ya ishi masu tumaki, sai a shekarun 1880 suka sa aka kawo wata siririyar dabba mai cin nama, wadda za mu kira tunkun Turai saboda kamarta da tunku, don ta cinye zomaye, alhali kuwa masana tsuntsaye sun yi gargaɗi tun kafin a sake ta. Da ta iso, sai ta tarar kama tsuntsun da ba ya tashi ya fi bin zomo sauƙi. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Tun zuwan ɗan Adam, tsuntsaye fiye da iri 50 sun ƙare ƙaƙaf a wannan ƙasa, wasu ta hanyar farauta, wasu ta hanyar sare daji, wasu a bakin dabbobin da aka kawo. An ƙiyasta cewa waɗannan dabbobi suna hallaka tsuntsaye da ƴaƴansu da ƙwansu kimanin miliyan 25 a kowace shekara. A 2016 gwamnatin ƙasar ta shelanta burin kawar da ɓera da fosam da tunkun Turai daga ƙasar baki ɗaya kafin 2050.

Abin da ƴan sa kai ke yi

Arewa da birnin Oklan akwai wani hurumi mai suna Tawharanui, wanda yake bisa wani harshen ƙasa da ya kutsa cikin teku, ruwa ya kewaye shi ta gefe uku. Girmansa hekta 588. A 2002 mutanen yankin suka kafa ƙungiyar ƴan sa kai don su taimaki hukumar da ke riƙe da wurin. A 2004 aka gitta shingen raga mai tsawon kilomita 2.5 daga wannan gaɓa zuwa waccan, aka kashe dabbobin da ke ciki. Ba a daɗe ba wasu tsuntsaye suka dawo da kansu daga wani tsibiri na kusa. Aka saki kiwi a 2006, aka kawo takahe a 2014, tsuntsun da aka taɓa fid da rai da shi har sai da aka sake ganinsa a cikin duwatsu a 1948.

To amma shinge ba ya rufe teku. Idan ruwa ya janye, ɓera ko tunku yana iya kewayowa ta bakin rairayi ya shiga. Saboda haka aikin ba shi da ranar gamawa. Akwai tarkuna jere a kan hanyoyi, kowane a cikin akwatin katako mai ƴar ƙofa wadda kiwi ba zai iya shiga ba, ana sa masa ƙwai ko naman zomo. Mutum zai bi layinsa da ƙafa, ya buɗe kowane akwati, ya fid da abin da ya kama, ya sake ɗana shi, ya rubuta a littafi. Mafi yawan lokaci ba ya tarar da komai, kuma wannan shi ne abin da ake so. Wasu suna renon dashen itatuwan ƙasar, dubbai a shekara, su dasa su lokacin ruwa. Wasu kuma faɗansu da haki ne. A yankin akwai wata ƙaya mai rawayan fure da Turawa suka kawo daga Ingila don shingen gona, wadda irinta ke kwanciya shekaru da dama a cikin ƙasa bai mutu ba. Akwai wata mai yaɗo daga Amurka ta Kudu, dangin tumfafiya, mai farin ƙaro kamar nata, wadda ke hawa bisa ƙananan itatuwa ta lulluɓe su, in kwansonta ya fashe iska ta kwashi ɗaruruwan iri. Dole a tsinke kwanson tun bai fashe ba, a sa a buhu a fitar. Masu wannan aiki tsofaffi ne da suka bar aiki, da ɗalibai, da iyaye da ƴaƴansu. Ba a biyan su, kuma filin ba gonar kowa ba ce daga cikinsu.

Tambayar

Mai hankali zai iya tsayawa ya ce: dakata. Ɓeran nan bai roƙi kowa ya ɗauko shi a jirgi ba. Yana cin ƙwai ne don Allah ya halicce shi da yunwa, kamar yadda kiwi ke cin tsutsa. Allah Maɗaukakin Sarki ya sanar da mu a Suratul An'am, aya ta 38, cewa dabbobin ƙasa da tsuntsayen sama al'ummomi ne kamarmu, ya kuma sanar da mu a Suratul Isra'i, aya ta 44, cewa kowane abu yana yi masa tasbihi, mu ne ba mu fahimta. To ɓera ma al'umma ne, shi ma mai tasbihi ne. Wa ya naɗa ɗan Adam alƙali tsakanin al'umma biyu, har ya ce wannan ta rayu, waccan ta mutu? Ko kuwa don kiwi yana da ban sha'awa ne, ɓera kuma yana da ban ƙyama? In haka ne, ai son zuciya ne aka sa wa rigar gyara.

Wannan magana tana da nauyi, kuma rabinta gaskiya ce. Dabba ba ta da zunubi, domin ba mukallafa ba ce. Duk wanda ya kashe ta yana jin cewa horo yake yi mata saboda laifinta, to ya jahilci al'amarin. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Laifin da ke cikin wannan labari tun daga farkonsa na mutum ne, wanda kwaɗayin fata da ulu ya sa shi ya haɗa halittun da Allah ya raba su da faɗin teku. Suratur Rum, aya ta 41, ta danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da teku ga abin da hannayen mutane suka aikata, ta kuma bayyana cewa ana ɗanɗana masu sashen sakamakon ne ko sun komo.

Amma daga nan ne ɗaya rabin maganar ke rushewa. Idan hannun mutum ne ya ɓata, to mutum ba shi da damar naɗe hannu ya ce ya bar wa Allah. Wanda ya bar ƙofar garke a buɗe kura ta shiga, ba zai ce shi ba ya shiga tsakanin kura da tumaki ba. Ƙin yin komai shi ma zaɓi ne, kuma an riga an ga abin da yake haifarwa: iri 50 sun tafi. Komowar da ayar ta ambata ba ta tsaya ga nadama a zuci ba, domin malamai sun sanya mayar da haƙƙi ga mai shi cikin sharuɗɗan tuba, gwargwadon iko.

Abin da shari'a ta nuna

Babu hurumin da ya kai Haramin Makka alfarma. Ba a farautar dabbarsa, ba a sare itacensa, har ƙayarsa ba a cirewa. Duk da haka Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi izinin kashe dabbobi biyar ko da a cikin Harami: hankaka, da shirwa, da kunama, da ɓera, da kare mai cizo. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa ya shigar da zaki da damisa da sauran masu afka wa mutane cikin hukuncin kare mai cizo, wato ya gane cewa dalilin hukuncin shi ne cutarwa. Ashe tsare wuri da kawar da mai ɓarna a cikinsa ba su saɓa wa juna ba. Shi kansa keɓe fili don amfanin jama'a abu ne da Musulunci ya sani: Annabi (S.A.W.) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar (R.A.) ya keɓe Sharaf da Rabaza, ya naɗa mai tsaro.

Wani hadisin kuma ya fi kusa da mas'alarmu. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mugaffal (R.A.) cewa abin da ya hana Annabi (S.A.W.) yin umurni a kashe karnuka duka shi ne kasancewarsu al'umma daga cikin al'ummomi. Malamai sun fahimci cewa a cikin wannan akwai ƙin a shafe wani jinsi na halitta daga bayan ƙasa. Mu tuna kuma Annabi Nuhu (A.S.), wanda aka umurta ya ɗauki biyu biyu daga kowane iri a cikin jirgi, kamar yadda ya zo a Suratu Hud, aya ta 40. Ba a ce ya zaɓi masu amfani ko masu kyan gani ba.

Da wannan za mu amsa wa mai cewa son zuciya ne. Ba kyau ake dubawa ba. Idan aka kawar da ɓera daga Tawharanui, al'ummar ɓeraye tana nan cike da duniya. Fosam yana nan a ƙasarsa ta asali, Ostireliya, inda doka ma ke kare shi. Amma kiwi da takahe ba su da wata ƙasa sai wannan. In sun ƙare a nan, wani nau'in tasbihi ya yanke daga duniya, kuma duk ilimin ɗan Adam ba zai dawo da shi ba. Cuta biyu ce ta haɗu, ɗaya ana farfaɗowa daga gare ta, ɗaya ba a farfaɗowa, ƙa'idar fiƙihu kuwa ita ce a ɗauki mafi sauƙin cuta don a tunkuɗe mafi girma. Nassoshin da muka kawo sun yi magana ne a kan dabbar da ke cutar mutane. Faɗaɗa su zuwa dabbar da ke ƙarar da wani jinsi fahimta ce da muka gina a kan waɗannan ƙa'idodi, Allah kuma shi ne mafi sani.

Izini mai sharaɗi

Halaccin nan na larura ne, larura kuwa ana auna ta da gwargwadonta. A nan ne yawancinmu muke zamewa, domin mun riƙe izinin mun yar da sharuɗɗansa.

Sharaɗi na farko shi ne cutar ta tabbata, kuma babu wata hanya mafi sauƙi. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid a zaure zai tuna abin da ya zo kusa da ƙarshenta game da tururuwa: an sauƙaƙa kashe ta idan ta cutar kuma ba a iya jure ta, amma barin ta ya fi soyuwa. Shingen Tawharanui a nan yake shiga, don kowane ɓeran da shinge ya tare ɓera ne da ba a bukaci kashe shi ba. Haka rumbun da aka ɗora bisa duwatsu aka liƙe shi da kyau, da kwanon da aka rufe, da sharar da aka kwashe. Rigakafi ya fi magani, kuma a nan ya fi kusa da taƙawa.

Na biyu shi ne kyautatawa. Muslim ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Aus (R.A.) cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, har a wajen kisa da yanka. A Niyu Zilan ana jarraba tarkuna don a tabbatar suna kashewa nan take. Dokarsu ta 1999 ta tilasta wa mai tarkon da ke kama dabba da rai ya duba shi kowace rana, kuma tun daga 2015 sun hana sayar da tarkon danƙo na ɓera da yin aiki da shi. Mu kuwa wannan tarkon danƙo yana nan a kasuwanninmu, ɓera ya manne a kai ya kwana ya wuni yana kuka, wani lokaci a jefa shi bisa juji da sauran ransa. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure har ta mutu da yunwa. Wane bambanci ke tsakani, in ban da cewa wannan ɓera ne? An ba mu izinin kashe shi, ba a ba mu izinin azabtar da shi ba.

Na uku shi ne kada a wuce mai cutar zuwa ga wanda bai yi ba. Buhari da Muslim sun kawo labarin wani annabi da tururuwa ɗaya ta ciza, ya sa aka ƙone gidansu duka, Allah ya yi masa wahayi yana zarginsa da hallaka al'umma mai tasbihi saboda guda ɗaya. Abu Dawuda kuma ya ruwaito hanin yin azaba da wuta. To ina matsayin wanda ke cinna wa daji wuta don ya kama gafiya, ciyawar da dabbobin gari za su ci da rani ta ƙone, da sheƙar tsuntsaye da ƙananan itatuwa? Wannan sharaɗi yana bukatar sani, kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba. A 2015, a tsibirin Motutapu, maharban sa kai da aka gayyata su rage wani tsuntsu mai yawa sun harbe takahe 4 bisa kuskure, saboda kamar da ke tsakaninsu.

Na huɗu yana cikin zuciya. Kisan larura ba wasa ba ne. Abdullahi ɗan Umar (R.A.) ya ga samari sun ɗaure tsuntsu suna koyon harbi da shi, ya sanar da su cewa Annabi (S.A.W.) ya la'anci mai yin haka da abu mai rai. A 2023 wata gasar farauta a kudancin Niyu Zilan ta sa kyautar kuɗi ga yaron da ya fi kashe kyanwoyin daji, mutanen ƙasar da yawa suka yi ca, aka janye wannan sashe a lokacin. Masu ƙorafin sun ga abin da ya kamata mu gani a ƙofar gidajenmu, inda yara ke ɗaure ƙadangare da zare suna ja, ko su rufe bushiya da jifa, manya na zaune suna kallo. Yaron da ya saba jin daɗin wahalar dabba, zuciyarsa ce ke bushewa, kuma busasshiyar zuciya ba ta tsayawa kan dabba.

Akwai wurin da mas'alar ke da ɗaci, bai kamata mu ɓoye shi ba. Ba da tarko kaɗai aka share Tawharanui a 2004 ba. An watsa guba daga jirgi mai saukar ungulu, irin wadda ke sa jini ya tsiyaya a cikin jiki, dabba ta yi kwanaki kafin ta mutu, har wasu daga cikin tsuntsayen gaɓa da ake son ceto suka mutu ta dalilinta. Mutanen ƙasar suna ta jayayya a kan guba. Masu goyon baya suna cewa wahalar lokaci ɗaya ta fi kisan da ba ya ƙarewa, kuma tarko ba ya isa ko'ina. Ko da an karɓi wannan hujja, abin da ta bayar shi ne rangwame na wanda ya rasa mafita, tare da wajabcin ci gaba da neman hanya mafi sauƙi. Ba ta zama hujja ga mai sayen garin guba a bakin tasha ya barbaɗa a tsakar gida, inda kaji da kyanwa da yara masu rarrafe ke yawo ba.

Baƙunci ba shi ne laifi ba

Kada mai karatu ya fita da zaton cewa duk abin da ya zo daga waje abin tumɓukewa ne. Dogon yaro daga ƙasar Indiya aka kawo shi, ga shi yau shi ne inuwar masallatanmu da makarantunmu, shi ne kuma aka jera a kwarin Majiya cikin jihar Tawa tun daga 1975 don ya kare gonaki daga iska. Tsuntsayen jan baki ƴan ƙasa ne, amma manomin gero ya san abin da suke yi. A can Niyu Zilan ma, a wani hurumi mai suna Hinewai, an gano cewa ƙayar nan ta Ingila, in an bar ta a inda ya dace, tana yi wa ƴaƴan itatuwan ƙasar inuwa har su girma su rufe ta ta mutu da kanta. Cutar da aka gani da ido ita ce abin lura, kuma tana sauyawa daga wuri zuwa wuri.

Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Ranar Juma'a 15 ga Maris 2019, a birnin Kiraiscoc na wannan ƙasa, wani mutum ya shiga masallatai biyu ya kashe masallata, mutum 51 suka rasu, yana kiran Musulmi baƙi ƴan mamaya. Mutanen ƙasar sun yi tir da shi, sun tsaya tare da iyalan mamatan. Allah shi gafarta masu. Duk ranar da aka ɗauki kalmomin da ake faɗa wa haki da ɓera aka ɗora su a kan ƴan Adam, waɗanda Allah ya karrama, to jini ne ke biyo baya. Mu kiyaye harsunanmu daga wannan, a tsakanin manomi da makiyayi, da tsakanin ɗan gari da baƙo.

Aikin da ba shi da mai shi

Mu ba mu da teku, amma muna da hurumi da burtali da tafki da kogi. Garmani ya mamaye makiyaya da burtaloli da yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram, ya kore ciyawar da dabbobi ke so. A kogin Isa wajen Yamai, wata irin kainuwa mai shuɗin fure, ƴar asalin Amurka ta Kudu, ta sha toshe hanyar masunta da mashigar ruwan fadamun shinkafa. Kowa yana gani, kowa yana cewa aikin gwamnati ne, ko a jira masu kuɗin waje su zo su biya mu ladan gyaran makiyayarmu. Alhali kuwa kakanninmu sun san gayya tun kafin a san albashi, kuma manoman waɗannan jihohi biyu sun nuna abin da za a iya, da suka raya miliyoyin gawo da sauran itatuwa a gonakinsu tun daga shekarun 1980. Sai dai gona tana da mai ita. Jarrabawar tana ga filin da ba na kowa ba, wanda mai akuya biyu ya fi kowa dogara da shi. Da Sayyidina Umar ya naɗa mai tsaron hurumi, ya yi masa wasiyya da ya fifita masu ƴan dabbobi kaɗan a kan masu garkuna, domin su ne ba su da wata madogara.

Yawancin mutanen Tawharanui ba Musulmi ba ne, al'amarinsu yana ga Ubangijinsu. Amma abin kunya ne a ce wanda bai taɓa jin hadisin dashen itace ba yana fita cikin ruwan sanyi yana dasawa, mu kuwa da aka gaya mana cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukarmu sadaka ce, muna jiran a biya mu. Kawar da cuta daga hanya reshe ne na imani. Idan kowane masallacin Juma'a ya tsayar da yini ɗaya da damina, kafin garmani ya zuba iri, matasa suka fita burtali da hauya, limami da mai gari a gaba, tare da shawarar ma'aikatan daji da makiyaya don kada a cire abin da bai kamata ba, aka kuma maimaita baɗi da baɗin baɗaɗa, da an ga bambanci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maimaitawar nan ita ce mai wuya, gama irin haki yana da haƙuri, aikin da Allah ya fi so kuwa shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Amsar tambayarmu ke nan: ya halatta a kashe mai cutarwa don tsare abin da zai salwanta, matuƙar cutar ta tabbata, an rasa hanya mafi sauƙi, an gaggauta ba tare da azaba ba, an tsaya a kan mai cutar, kuma mai yin aikin ya san gyaran ɓarnar ɗan Adam yake yi, dabbar ba ta da laifi. Kafin ɗayanmu ya ɗana tarko a daren yau, ya fara duba rumbunsa da sharar gidansa. In ya ɗana, ya tashi da asuba ya duba shi, kada ya bar rai yana wahala har rana ta take.

Allah shi sa mu cikin masu gyara a bayan ƙasa, shi yafe mana abin da muka zalunta na halittunsa da saninmu da rashin saninmu, shi ba mu damina mai albarka, shi sanya tausayi a zukatan ƴaƴanmu. Amin.